Taƙi Biyu da Hannun Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga mahaifinta, ina fatan makwancinka da haske da sanyi da yalwa. Ni ce Rabi, wadda kake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarka da na ci. Ina rubuto maka ne daga Guangzhou ta ƙasar Sin, daga ɗan ɗakin da nake kamawa a unguwar Dengfeng duk lokacin da na zo saro.

Na san kabari ba ya karɓar wasiƙa, malamai sun faɗa, ban kuma yi musu ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a ƙirji tun bara, kai kaɗai ne kuma mai ita. Waɗanda za su leƙa su karanta su yi mini uzuri, da ubana nake.

Baba, na tuna yadda kake ɗaura bodi a kan tirelarka. Farantin ƙarfen nan da ke bayan kan mota, mai baki a tsage, wanda ƙusar bodi ke shiga ta kulle, ba ka taɓa barin wani ya shafa masa giris ba. Kai za ka shafe shi da hannunka, in ka gama ka danna tafinka a tsakiya ka ce bismillahi. Shatin hannun yakan fito sarai, manunin dama a gajarce, don bakin farantin ya datse maka gaɓa ɗaya tun kafin a haife ni.

Shatin nan har gida ya bi ka. Yana jikin bangon zaure, yana jikin ƙofar Inna. Wata rana ka dawo daga Legas ina shirin tafiya Islamiyya, ka dafa ni a baya don murna, na wuni da hannunka a kan farin hijabina ban sani ba. Inna ta wanke ta wanke bai fita ba, ta yi ta faɗa, kai kuwa kana cin goronka kana dariya.

Kuma ba ka yarda da tef ba. Komai da taƙi kake auna shi, babban yatsa a nan, na tsakiya a can, hannu na tafiya a kan ƙarfe. Kakan ce, "Tef sai ya ɓata, hannu kuwa tare za a binne ku." Duk gidan muka ɗauka. Inna da taƙi take auna yadi. Ni da taƙi nake auna ƙugun wandon jins a Xintang, garin da ake ɗinka su. 'Yan Sin su yi mini dariya, su ɗauko tef, su ga ban kuskure ba. Abin ya sa mini girman kai, ba zan ɓoye maka ba.

Habibu autanka kuwa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bayan rasuwarka ya sayo wata a-kori-kura ƙirar Amurka daga Kwatano, mai kujeru gaba da baya, bayanta gajere kamar an datse mata wutsiya. Ya sa masu walda suka haɗa masa 'yar tirela don ɗaukar hatsi daga Dawanau. Saura farantin da za a kafa a cikin bayan motar ya riƙe tirelar, irin naka amma ƙarami. Ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa bai samu ba, sai ya bugo mini waya.

Ya ce, "Yaya, ki saurare ni da kyau, wannan ba jins ba ne. Bayan motata gajere ne. In na karya kwana sosai, kusurwar tirelar za ta juyo ta shigo ta gilashin baya. Ki nemo mini farantin da yake zamewa baya da kansa in an karya kwana. Na auna, sai ya ja baya taƙi biyu cif. In bai kai ba ki bar musu kayansu."

Na ce to, amma na san mai zama a jikin gilashin nan. Tun da Habibu ya sayi motar, Inna ta daina shiga motar haya. In za ta garinsu sai ta jira ranar da yake da lodi ta wajen, ta shige kujerar baya, ta jingina kai da gilashi, kafin a fita Kano ta yi barci.

Wannan kuwa lokacin wasannin Olamfik ne. Biza ta yi wuya, mutanenmu da yawa sun koma gida, wasu sun tafi sabuntawa ba su dawo ba. Dengfeng da na sani, inda ba a jin maganar juna saboda Kanawa da 'yan Nijar da masu canji, ta zama kamar an yi shara. Gidan abincin da nake cin tuwo a rufe. Da rana tsaka kana tafiya kana jin takunka, sai muryar talabijin daga shaguna, ana ta tafi a Beijing. Tawa bizar ma ta kusa ƙarewa, na san in na saya ba daidai ba babu dawowa canji.

Ga shi da yamma sai ka ga tsofaffi sun tsuguna a bakin titi suna ƙona takardu, sun ajiye shinkafa da lemo a ƙasa, ba mai ci. Na tambayi Elhaji Mahaman, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe a nan yana jin yarensu. Ya ce watan ne da suke cewa matattunsu na fitowa ziyara. Na yi a'uzubillahi, na ce Allah ya shirye su, na tsallake tokar na wuce.

Elhajin ne ya raka ni nema. Shi selet yake ce wa farantin, da Faransancinsu. Muka bi kasuwar kayan mota shago shago, kowa ya kalli hoton da Habibu ya turo sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Su ba sa ɗaura tirela a kan ƙaramar mota, don Amurka suke ƙerawa. Daga ƙarshe wani ya kwatanta mana wani sito can bayan filin jirgi na Baiyun.

Mun isa bayan azahar. Wata doguwar rumfar kwano ce, ciki da duhu-duhu, akwatunan katako jere har ƙarshe. Ma'aikatan duk sun tafi kallon wasa, sai lawban kaɗai, wato mai wurin, wata tsohuwa 'yar firit da mafici a hannu. In jirgi ya wuce kwanon ya yi rawa, in ya wuce kuma shirun ya fi na da.

Ta nuna mana iri uku. Na farko a kafe yake ba ya motsi, ta ce wannan na mota mai dogon baya ne. Na biyu yana zamewa, amma sai direba ya sauko ya ja ƙarfe kafin kowace kwana. Na ce na san ƙanena, zai sauko yau, zai sauko gobe, jibi ya ce ai kwanar ƙarama ce. Na uku shi ne mai ja da baya da kansa a kan doguwar hanyar ƙarfe. Na tsuguna na ɗora hannu a kan hanyar, ɗaya, biyu, yatsana ya sauka daidai ƙarshenta. Na ce alhamdulillahi, shi ne. Tsohuwar ta ɗauko alli za ta yi wa akwatin alama.

A nan na ji ƙanshin, Baba. Giris a sito ba abin mamaki ba ne. Amma wannan giris ne haɗe da goro da turaren nan na 'yar kwalba da kake shafawa ranar Juma'a. Ban gama juyawa ba sai muka ji ƙaras daga can ƙuryar rumfar, ƙarar da faranti yake yi in ya cafke ƙusa. Na tashi da ƙarar nan a ƙofar gidanmu, ba zan ɓata ta ba. Mu uku muka ji, don na ga allin ya tsaya a hannun tsohuwar.

Ta ce wa Elhaji ba kowa a can, wani akwati ne kawai da aka kawo daga masana'anta ba a ko buɗe ba, irin na ukun ne amma mai hanya mafi tsawo. Na ce a buɗe mini. Elhaji ya ɗauki ƙarfe ya ɓamɓare ƙusoshin, ina kallo suna fita ɗaya bayan ɗaya, sababbi fil.

Farantin na kwance da girisinsa. A tsakiyarsa akwai shatin hannun dama, babba, an danna shi da kyau. Manunin ya gajarce da gaɓa ɗaya. A gefe kuma, a kan hanyar ƙarfen, ga tabon yatsu a cikin man, babba a nan, na tsakiya a can, an taka sau biyu daga farko zuwa ƙarshe.

Ban yi ihu ba. Durƙusawa na yi. Ban san abin da ya sa ba na ɗora babban yatsana a kan tabon farko na miƙa hannu iya ƙarfina. Yatsana bai kai tabo na biyu ba, ko kusa. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Habibu da hannunsa ya auna, hannunsa kuwa naka ne, faffaɗa kamar faifai. Ni kuma na zo da ɗan hannuna na auna jins na ce taƙi biyu ne. Duk gidanmu mun iya taƙi, ba wanda ya taɓa tambayar taƙin wa.

Elhaji ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Masu aikin uzin da dama sun rasa yatsu, wani Shinuwa na ya dafa kafin a rufe." Uzin masana'anta ke nan a Faransancinsu, Shinuwa kuma ɗan Sin. Na ce haka ne, Elhaji. Amma na lura bai kai hannunsa kusa ba, bakinsa kuma yana ta motsi.  Tsohuwar ta je wurin ɗan jan akwatin bautarsu da ke bakin ƙofa ta kunna turaren tsinke, ta dawo ta yi wa wannan akwatin alama, ba ta tsaya ciniki ba. Ni da na saba jan ciniki har 'yan Sin su riƙe kai, ranar ban ja ba.

Farantin ya yi wa jirgin sama nauyi, sai na sa shi a kwantena tare da jins. Da ya isa Kano na tambayi Habibu ko ya ga wani abu a kan man. Ya ce sumul yake kamar an lashe. Ya ɗora hannu ya auna, ya ce, "Kai Yaya, ashe kin iya awo." Na bar shi a haka.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne wayar da ya yi mini shekaranjiya. Daminar bana ta yi ƙarfi. Yana kan hanyar garin su Inna da lodin masara, ita tana baya, sai ya tarar ruwa ya cinye kwalbati, hanya ta yanke. Motoci sun taru a bayansa, ruwan kuma yana ƙaruwa, dole ya juya a wuri ɗan tsukuku, rami dama rami hagu. Ya karya kan motar har ƙarshe, tirelar ta naɗo. Ya ce yana jin farantin yana ja baya, yana ja, har ya ji ya kai maƙura ya tsaya. Ya duba madubi ya ga kusurwar ƙarfen ta cika gilashin, Inna na barci, kanta a jingine daidai wurin.

Ya sauko ya je ya duba. Ƙarfen bai taɓa ba. Ya ce, "Yaya, na sa yatsana a tsakani. Gaɓa ɗaya ce ta shiga, ita kaɗai."

Na sa ya ba Inna wayar, na gaya mata komai, tun daga ƙanshin har shatin. Na ɗauka za ta yi salati ko ta ce aljanun Sin ne suka buɗe mini ido. Sai ta ce, "To ai haka yake. Yaushe ya taɓa bari a ɗaura mota bai duba ba?" Daga nan ta tambaye ni ko na samo mata fulas ɗin da ta ce.

Yanzu haka ta taga ina hango wata tsohuwa tana ƙona takarda a bakin titi, watan nasu ya sake zagayowa. Addinina bai canja ba, Baba. Na san wanda ya tafi ya tafi, Allah ne mai tsarewa, shi ya san ta hanyar da ya ga dama ya tsare. Amma ɗazu da na sauka sayen burodi ban tsallake tokar ba, zagayawa na yi.

Ina kewarka ƙwarai. Da na san hijabin nan zai zame mini abin nema, da ban bar Inna ta yi tsumma da shi ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa duk nauyin da ka ɗauka don mu ci mu sha ya zame maka nauyi a mizani. Allah ya bar mana Inna, ya tsare Habibu a kowace kwana, ya haɗa mu a Aljanna, ka tashi da yatsunka cikakku.

Na sayi tef guda biyu, ɗaya nawa ɗaya na Habibu. Kar ka yi fushi. Mun koya, Baba, ka kwanta ka huta.

Wassalam.

'Yarka, kuma uwarka,
Rabi