Layina Yana Cikin Jakarki

Zuwa ga kurciyata, sanyin idona, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta buɗe mini wuta. Matata, uwar abin da ke cikinki, wadda ko faɗanta ya fi mini daɗi a kan yabon duk duniya.

Ina rubuto miki ne a bayan wata lalatacciyar takarda da na zaro daga cikin injin buga littattafan da ubangidana ya turo ni in kwance. A zaune nake kan akwatin katako, a tsakiyar siton mutane, a ƙasar da ko sannu ban iya faɗi da harshensu ba. Hannuna duk giris ne, ki yi haƙuri da shatin yatsun da za ki gani. Idan za ki gani ɗin ke nan. Wannan "idan" ita ce take neman kashe ni tun hantsi, kuma na rasa wanda zan gaya wa sai ke.

Ina kwance ƙarƙashin inji da sufana a hannu saƙon autarku ya shigo. Ta ce: "Yaya, naƙuda ta zo da gardama, likita ya ce aiki za a yi mata, har an shiga da ita." Ban san lokacin da na fito ba, sai da na ji goshina ya daki ƙarfe. Na danna kiranki, wayar ta yi ta juya 'yar da'irar nan tata, ta juya, ta juya, sannan wani saƙo ya faɗo a kan fuskarki da ke allon: wai datata ta ƙare. Ta ƙare! A ranar nan, a wannan lokaci? Ba ke ce kika rantse mini haihuwar da saura ba, kika ce in tafi in dawo zan same ki kina nan kina tura cikinki kina ba ni umarni?

Kin tuna ranar da kika raka ni shagon mai waya na bakin titinmu? Kika zauna a kujerarsa ɗaya tilo, kika miƙe kumburarrun ƙafafunki, shi kuma yana ta zuba mana bayani cewa yanzu matafiyi ba ya buƙatar katin sim, akwai wanda ake kira eSIM, layi ne da ba a riƙe shi a hannu. Ya nuna wa wayata wani hoto mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, ya ce shi ke nan, layin ya shige, ina sauka daga jirgi zan ga sabis. Kika dube shi a kaikaice kika ce layin da ba shi da jiki ai ɗan'uwan aljani ne, ran da ya ga dama ɓacewa zai yi. Muka yi ta dariya har mai shagon ya ji haushi. Ya ƙara da cewa data kawai ke cikinsa, ba shi da lambar da za a kira, amma wa ya saurare shi? Ni ina kallon yadda dariya take motsa cikinki, ke kina lissafin tsarabar da zan kawo.

A nan ne kuma kika ce in cire tsohon simina in bar miki. Inna mahaifiyata ba ta haddace lambar kowa ba a duniya sai tawa, kullum da safe sai ta kira, kika ce idan ta ji a kashe hawan jininta zai tashi, gara ke ki riƙa ɗauka kina lallashinta. Na ce kai, wannan mace Allah ya yi mata hankali. Muka sa shi a ƙaramar wayarki mai maɓallai, kika jefa ta a jakar da kika haɗa ta asibiti, tsakanin zannuwa da 'yan rigunan jariri. Ni da ke, masu wayo biyu, babu wanda ya tuna cewa banki a wannan layin yake turo mini lambar sirri duk lokacin da zan biya wani abu.

To ga ni yau. Na nemi in sayi wata datar, aka ce in sa lambar da aka turo mini. An turo ta kuwa, ba su yi ƙarya ba. Tana can cikin jakarki, a ƙofar ɗakin tiyata ko a ƙarƙashin wani gado, ni kuma ina nan bayan teku ina kallon gurabe fanko a allon waya. Makullin ƙofar da zan bi in iso gare ki yana hannunki, ke kuma ban san ko hannun naki yana motsi ba. Wane irin ɗauri ne wannan, kurciyata?

Kuma ba zan ce wani ya cinye mini datar ba, ni da ke muka cinye abarmu. Ke ce kike cewa kullum sai na kira ki ta bidiyo na nuna miki titi, da shaguna, da tsuntsayen da ke sauka a rufin siton nan, har da abincin da nake turawa ba don daɗi ba, kina yi mini tsiya wai na rame kamar tsinken tsintsiya. Ni kuma nake cewa ki ɗora wayar a gefe ki yi shiru, in ga ko ɗan cikin zai yi shuri. Shekaranjiya ya yi, na ga rigarki ta ɗaga, na yi ihu har mutanen nan suka zaci inji ne ya kama mini yatsa. Da na san haka za ta faru, da na riƙa tsakurar ganinki kamar mai tsakurar gishiri. Amma wa yake iya kallon ruwan sama na farko ya ce ya isa haka?

Kina mamakin yadda aka yi ma har na kai ga shafin sayen data? Akwai wani dattijo a nan, direban 'yar motar nan mai ƙahoni biyu da ke ɗaga kaya tana kaiwa cikin kwantena. Ofishin siton a kulle yake, masu shi sun fita, daga ni sai shi. Da ya ga na tsaya kamar an dasa ni, jini yana bin goshina, sai ya sauko. Ba ya jin nawa, ba na jin nasa. Na nuna masa hotonki, na zana babban ciki a iska da hannuna, na ja yatsa a kai kamar wuƙa. Mutumin nan ya dafe ƙirji. Ya gwada kiran lambarki da layinsa, layin bai fita waje. Sai ya buɗe mini intanet ɗin wayarsa ya jona ni, ya mayar da ita aljihun rigarsa ya hau motarsa, don babbar motar da za ta ja kwantenar tana jira a waje, direbanta yana ta danna oda.

Saboda haka sabis ɗina yanzu a aljihun wani yake, yana yawo. Idan motar ta nufo ni da kaya, sai in ga alamar sabis ta dawo, in danna kira. Idan ta wuce ta shige kwantena, sai komai ya ɗauke. Da farko bin ta na riƙa yi a guje, ina ɗaga waya sama kamar mahaukaci, har na kusa shiga ƙarƙashin taya, dattijon ya daka mini tsawa ya nuna mini akwatin nan ya ce in zauna. Shi ya sa nake rubutu, in ba haka ba zuciyata fashewa za ta yi.

Babbar wayarki a kashe take. Ta autarku tana shiga ba a ɗauka. Saƙonnin da na tura miki duk suna tsaye da alama ɗaya, sun jeru kamar marayu. Umma mahaifiyarki ba ta da wayar intanet, Inna kuwa ni ne lambarta, kuma ni ina cikin jakarki. Me ya hana autarku ɗauka? Neman jini ta tafi? Magani aka aike ta? Ko ta rasa bakin da za ta gaya mini ne? A'a. Na tofar da wannan, ba zan rubuta shi ba.

Ina jin tsoro, matata. Ban taɓa gaya miki haka ba, yau na faɗa. Ina jin tsoron gidanmu ba muryarki, ina jin tsoron kujerar da kike zama a bakin taga kina tsefe kai kina ba ni labarin maƙwabta. Ke ce rijiyar da nake sha, ban haƙa wata ba, ban ma san inda ake haƙawa ba. Ji nake kamar in yi tsuntsu in tashi, ga shi ko ƙofar siton nan ban san inda ta nufa ba.

Abu ɗaya na gano ina iya yi. Duk lokacin da motar ta matso, sai in sake neman lambar sirri. Na san ba zan gan ta ba. Amma na san can a wajenki ƙaramar wayar nan za ta yi ƙara, ƙarar nan tata mai ban haushi da kike cewa kamar kukan gyare. Iyakar inda hannuna yake kaiwa ke nan, in ƙwanƙwasa jakarki daga nan. Ki ji ni, don Allah. Ki ji haushina ma idan kin so, ki ce wane marar hankali ne yake damun mutane a asibiti, amma ki ji. Ki tashi ki yi mini faɗa. Na yi miki alkawari, ko injin na zinariya ne, ba zan sake ƙetare ruwa kina da nauyi ba. Zan yi wankin, zan yi goyon, zan daina barin sufana a kan teburin cin abinci.

Kaya sun kusa ƙarewa. Akwatin da nake zaune a kai ne na ƙarshe, dattijon ya nuna mini agogonsa ya nuna ƙofa, alamar lokacin tashinsa ya yi. Idan ya tafi da aljihunsa, shi ke nan, na koma kurma makaho har sai na isa masauki, kuma tafiyar ba kusa ba ce. Ga shi nan ya juyo, bari in

Kurciyata! Hasken gidana!

Ki gafarta wannan layin da ya karkace, biron ne ya kuɓuce mini. Alama ɗaya ta zama biyu a idona, sannan saƙon murya ya shigo daga wayarki. Na kasa dannawa. Dattijon ya kashe motarsa, siton ya yi tsit, ya sauko ya tsaya a kaina, shi ya miƙo yatsa ya danna. Sai ga muryarki, a dushe, a hankali, kamar daga ƙasan rijiya:

"Injiniya, ka ishe mu da ƙara, nas har ta yi magana. Rubuta. Bakwai, biyu, biyu, tara, sifili, huɗu. Ka sa da wuri."

Ba sallama, ba "na tashi lafiya", sai aiki, kamar kin aike ni kasuwa. A bayan muryarki kuma, daidai kan "tara", wani ƙaramin kuka ya tsage, siriri, mai masifa, irin na gidanku. Dattijon ya ji shi, ya kama kaina ya haɗa da ƙirjinsa mai warin man inji, muka yi ta kuka mu biyu, kowa da harshensa.

Na sa lambar, banki ya ce lokacinta ya wuce. Ban taɓa jin daɗin a ƙi ni ba sai yau. Ban san mace ce ko namiji ba, kin manta ki faɗa, ban kuma damu ba tukuna. Mutumin nan ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya ciro wayarsa ya ajiye a kan gwiwata, ya ƙi tafiya gida.

Yanzu na sake neman wata lambar, za ki ji ƙarar a jakarki. Kada ki ba autarku ta rubuto. Ke nake so ki karanto mini, kuma ki bi ta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ki huta a tsakani. In wannan ma lokacinta ya wuce, sai in nemi wata.

Naki ne ni, a kusa da nesa, da sabis da babu, har ranar da numfashina zai ƙare,

Mijinki, uban mai kukan nan.