Surukina Yana Ɓata Wa Akuna Baki

Doña Amparo, ki taimake ni don girman Allah, abin nan ya fi ƙarfina.

Ban yi makaranta ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Filinki na jarida ma a shagon mai aski nake jin sa, shi ke karanta mana duk ranar Asabar. Wannan takarda Don Hilario ne ke buga mini ita da tafiretarsa a bakin kasuwa. Na gargaɗe shi ya rubuta abin da na faɗa kada ya gyara mini, amma mutumin Puebla ne, ban gama yarda da shi ba.

Ni masunci ne a nan Alvarado, bakin tekun ƙasar Meksiko, ubana ma haka, kakana ma haka. Duk wanda ruwa ya ci a garin nan na san sunansa da na uwarsa. Idona a rufe, mutum ya gaishe ni kawai, zan gaya miki ko ɗan garin nan ne ko daga Tlacotalpan ya gangaro. Matata Leocadia kifi take sayarwa, ta rasu bara waccan. Ta bar mini gida, da 'ya ɗaya, da aku mai suna Pancracio wanda ta saya a hannun wani matuƙin jirgi tun muna sabon aure. Akun nan ya haddace ta kaf. Da safe sai ki ji, "Tashi, tsohon banza, kifi ba zai zo ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba!" Da rana kuma, "Kai mai kunnen ƙashi, shinkafa na hucewa!" Muryarta ce sak, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshe. Ni kuma in amsa masa yadda na saba amsa mata: "Na ji, uwar surutu." Da wannan nake rayuwa tun da aka binne ta.

Kin san yadda muke magana a bakin ruwa. Ba ma bin kalma har ƙarshenta. Mu kama kanta mu saki wutsiyar, don zafi ya yi yawa, kuma wanda kake wa magana ba wawa ba ne, ya san sauran. Inda mutanen tudu ke yin sss, mu ɗan numfashi kawai muke fitarwa. Leocadia ta fi kowa iyawa. In ta ce kifi biyu da Sifaniyancinmu, do pehcao maimakon dos pescados, kafin baƙo ya gane me aka ce har ta naɗe masa a takarda.

To bayan rasuwarta 'yata Yolanda ta dawo gida don ta kula da ni, ta zo da mijinta Ulises, ɗan birnin Meksiko. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne. Gyaran firji yake yi, ba ya shan giya, yana wanke mini ƙafa in ta kumbura. Amma in ya buɗe baki sai ki ɗauka iska ce ke fita daga taya. Ko sunansa, mu nan Ulise muke cewa mu huta, shi kuwa sai ya ja wutsiyar har ta taɓa ƙasa. Babban abin takaicin shi ne yana son akun. Kullum yana gaban keji da yankan mangwaro yana yi masa hira.

Wata safiya Pancracio ya tashe ni kamar kullum, sai na ji muryar matata tana sss. Matar da ko tashar motar birnin Meksiko ba ta taɓa gani ba! Ji na yi kamar an tono ta an sa mata takalmi mai tsini da jan baki.

Nan take na kafa doka: Ulises ba zai ƙara magana a cikin gidana ba. Ya yi da hannu. Aka yi haka na ɗan lokaci, sai Yolanda ta ce ita ba kurma ta aura ba. Na sassauta, don ni ba azzalumi ba ne. Na ce in yana da magana ya kifa bokitin wanki a kansa, sautin ya tsaya a ciki. Ya ɗauka ya kifa, na ji daga ciki ya ce, "Baba, in hakan zai kwantar maka da hankali ba komai." Doña Amparo, akun ya koyi bokitin. Yanzu matata tana kirana cin abinci da bakin 'yan birni, kuma daga cikin bokiti.

Na gwada gyara shi Ulises ɗin. Na sa masa dafaffiyar ayaba mai zafi a baki na ce ya yi magana a haka, ko wutsiyoyin za su narke. Harshensa ya ƙone, ya koma yana magana kamar Fadanmu na coci, wanda ya zo daga Sifen yake cusa harshe tsakanin haƙora. Shi ma Fadan ya zo duba ni, na tare shi a bakin ƙofa na hana shi shiga don kada akun ya ji. Yanzu ya sa ana yi mini addu'a a coci, wai na bar addini.

Sai na ɗauko Doña Petra da Doña Chole, abokan kasuwar marigayiya, bakinsu ɗaya da nata. Ina soya musu kifi, su zauna gaban keji su yi ta hira don su mayar da shi kan hanya. Abin da ya ɗauka a wurinsu shi ne labarin inda mai kantin magani yake zuwa in matarsa ta tafi Córdoba, yana kuma shelanta shi ta taga. Ita kuma Doña Petra ta fara zuwa da fure a gashi, tana gaya wa 'yan kasuwa wai akun dalili ne kawai, kunya ce ta hana ni fitowa fili.

Jiya Yolanda ta zaunar da ni. Ciki gare ta, ashe. Ta ce, "Baba, ko bokitin nan ya bar gidan nan ko mu bar shi. Ba zan haifi ɗa ya tashi yana zaton ubansa bokiti ne ba." Ta ce za su koma birni. Ta ce in bari ta ɗauki muryar akun a waya tun da sauran ta. Na ce waya ba ta zagina sai na danna ta, Leocadia kuwa ba ta taɓa jira a danna ta ba.

Yaran yanzu duk kamar talabijin suke magana. In bakin Leocadia ya fita daga akun nan, ta sake mutuwa ke nan, kuma ina zaune ina kallo. In na riƙe dokata kuma, 'yata za ta tafi da jikan da ban gani ba. Don Hilario ya ce in sayar da akun, na ce ya rubuta cewa shi sakarai ne, ban sani ba ko ya rubuta. Me zan yi?

Tsoho mai aku, Alvarado

*

Baba mai aku,

Don Hilario ya rubuta. Kafin komai, ka ce wa mai aski ya karanta maka amsar nan nesa da keji, don ni 'yar Toluca ce, can kan tudu, na fi surukinka sss.

Na yi dariya da wasiƙarka har aka leƙo daga ofishin kusa. Kana da gaskiya a kan babban abu. Yadda mutum yake furta magana ba ƙaramin sashe ba ne na shi kansa, kuma masu cewa maganar bakin ruwa karyayyen Sifaniyanci ce ba su san abin da suke faɗa ba. Ba hauka kake yi ba, kewar matarka kake yi.

Amma shi ma Ulises a bakin uwarsa ya tsotsi nasa, kamar yadda ka tsotsi naka. Bai zaɓa ba, ayaba kuma ba za ta cire shi ba. Mutumin da ya bar garinsu ya zo yana wanke maka ƙafa, aka ce ya kifa bokiti ya kifa bai yi musu ba, Baba, irinsa ba su da yawa. Yau ɗin nan ka mayar da bokiti wurin wanki, ka ba shi haƙuri da bakinka a gaban matarsa.

Kejin kuma ka ɗauke shi daga tsakar gida ka rataye a ɗakinka, ta tagar da masunta ke wucewa. Kai za ka riƙa yi masa hira, ai bakinka da na Leocadia ɗaya ne. Ulises ya ci gaba da ba shi mangwaro, hirar dai ya rage. Ka bar Yolanda ta ɗauki muryar a waya ko da ba za ka taɓa saurara ba. Uwarta ce ita ma, kuma Pancracio ba yaro ba ne. Ka buɗe wa Fada ƙofa. Doña Petra kuwa ka gaya mata gaskiya a cikin mutunci, tun kafin ta kai wa tela yadi.

Ga abin da nake so ka kwana da shi. Yaro ba bakin ubansa yake ɗauka ba, bakin unguwa yake ɗauka, da na wanda yake yawo da shi a kafaɗa. In aka haifi jikan nan a birni, zai zo maka hutu yana sss, ba kuma yadda za ka yi. In aka haife shi a Alvarado, kana kai shi bakin ruwa da kasuwa kana gaya masa sunayen mutanenku, to kafin ya iya gudu zai riƙa cinye wutsiyar kowace kalma, uban yana ji yana gani. Aku abin da ya taɓa ji kawai yake maimaitawa. Jika kuwa zai ƙirƙiro maka sabon zagi wanda ba ka taɓa ji ba, da bakin kakarsa. Kada ka kore shi tun bai iso ba.

Allah ya jiƙan Leocadia, ya sauki Yolanda lafiya, ya ba ka tsawon ran da za ka ji wannan zagin da kunnenka.

Doña Amparo