Zuwa ga Mai Gadin da Ya Ce Kwana Uku Zai Yi a Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka da sauƙi. Ina gaida ƙanenka Sani da iyalinsa. Na san shi zai karanta maka, tunda kullum cewa kake ajamina ba ya karantuwa, na kuma san a bakin shagonsa zai karanta, inda masu shan shayi ke taruwa. To Sani, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Waɗanda ke zaune su ma su ji.

Kwana uku ka ce za ka yi a Jidda, maɗori ya duba ƙafarka ka dawo. Yau wata biyu ke nan har da kwana huɗu.

Bari in tuna maka, tunda da alama iskar teku ta mantar da kai. Kai ne mai gadin makarantar 'yan mata da ke nan unguwar Rusaifa. Ni ce farrasha, mai shara da shayi da kai saƙo a ciki. Tare aka ɗauke mu shekara biyar da suka wuce, lokacin da aka fara buɗe wa mata makarantun gwamnati, saboda ƙa'idarsu ita ce mai gadi sai da matarsa, ita ke shiga inda namiji ba ya shiga. Ɗaki ɗaya aka ba mu a jikin ƙofa. Idan aka kori ɗaya, an kori biyu. Ka san wannan kafin ka hau mota.

Ranar da ƙyauren ya faɗo maka ina riƙe da tiren shayin malamai. Motar ruwa ta zo, ka ja ƙofar, ƙarfen sama da ke riƙe da ita a bango ya ɓalle. Na ji ƙarar daga can ƙuryar makaranta, na saki tiren, na fito ko mayafi ban gyara ba. Na same ka a ƙasa, cinyarka a karye, kana ce wa direba ya ja baya kada yara su leƙo. Wannan ban manta ba, kuma ba shi nake jin haushi ba.

Abin da nake jin haushi ya fara ne a asibiti. Ustaz Hamza, magatakardan idara, ofishin nan da ke kula da makarantun duka, ya zo da takarda da alƙalami ya tambaye ka ko ƙofar tana da aibi tun da farko. Ina bayan labule ina ji. Ka ce masa, “Ƙaddara ce, ni ne ban yi hankali ba.” Malam! Sau uku ka aike ni wurin mudira, shugabar makaranta, in gaya mata ƙarfen ya tsage. Da ƙafata na je. Amma don kada a tambayi abokinka Audu maƙeri na unguwar Mansur yadda ya yi aikinsa, sai ka ɗora laifin a kanka. Ustaz Hamza ya rubuta abin da ka faɗa. Ka san abin da ya fito? Sakacin ma'aikaci. Babu diyya, kuma magani a wuyanmu.

Da na yi maka magana ka ce ai mutunci ya fi kuɗi. Na ƙyale ka, don kana cikin ciwo. Yanzu ciwon ya yi sauƙi, sai in faɗa: mutuncin Audu ka kare, kuma Audu sau ɗaya ya zo duba ka.

Bayan ka tafi, sau bakwai na je idara. Ka san mace ba ta shiga. A gefen taga nake tsayawa a rana, fuskata a rufe, ina miƙa takarda ta tsakanin ƙarafa. Yau a ce babu hatimi. Gobe a ce mai hatimin ya tafi salla. Ranar da aka samu hatimin, sai aka ce likita ba zai sa hannu ba sai ya ga ƙafar. Na ce ƙafar tana Jidda. Aka ce to mai ita fa? Na ce yana tare da ita. Har masinjan da ke bakin ƙofa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A makon ne kuma labari ya iso mini cewa ka bari maɗorin ya fasa filastar da aka ɗaure maka a asibiti tun kafin lokacinta. A kan wannan na bar ka da Allah.

Ustaz Hamza ba mugun mutum ba ne, kada ka ce na ɓata shi. Wata rana ya ɗaga tarin takardu ya nuna mini ta taga. Akwai mai ɗiban ruwa da bayansa ya riƙe, akwai mai fenti da ya faɗo daga tsani, akwai wata farrasha da tafasasshen ruwa ya ƙona. Ya ce, “Ya Hajja, kowace rana mijinki na kwance, mutum biyu muke biya a ƙofa ɗaya, na sama da ni kuma yana tambayata dalili.” Ya ce abin da ya fi musu sauƙi shi ne a ba ka wani abu sau ɗaya, a soke sunanka, a kawo wani da matarsa. Ya sassauta murya ya ce bai so ya yi haka, amma in taimake shi da abin da zai rubuta.

Na dawo gida ina tunanin inda zan samo abin da zai rubuta. Wanda aka ajiye a ƙofa a madadinka shi ya ba ni.

Wani saurayi ne aka kawo, mai ƙarfi, yana ɗaga ƙyaure da hannu ɗaya. Tunda ba muharramina ba ne, ba ya karɓar takarda daga hannuna. A ƙasa nake ajiyewa in danne da dutse, in ƙwanƙwasa, in ja baya. Wannan duk da sauƙi. Matsalar lokacin tashi ce. Kai kana ganin mutum daga nesa ka san uban wace ce, ko yayan wace ce, ka kira ta fito. Shi bai san kowa ba. Wata ranar Talata ya hana wani dattijo 'yarsa ta cikinsa, ya ce sai ya kawo shaida. Yarinyar tana kuka a ciki, uban yana ihu a waje, har aka kira la'asar. Bayan kwana biyu kuma ya kira wata yarinya ya nuna mata motar da ba ta gidansu ba, don sunan uban ya zo ɗaya. Ni na riƙo hannunta a bakin ƙofa. Ka san yadda iyayen nan suke, da ƙyar wasunsu suka yarda suka kawo 'ya'yansu tun farko. A makon nan gida uku suka hana nasu zuwa.

Sai na shiga wurin mudira ba tare da ta kira ni ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata aikin ƙofar nan ido ne da sanin mutane, ɗaga ƙarfe sau biyu ne kawai a mako, idan motar ruwa ta zo. Na kuma roƙe ta ta duba littafinta. Ashe duk sau ukun da ka aike ni ta rubuta, har ta aika idara neman gyara ba a zo ba. Ta kwafa, ta sa hannu, ta haɗa da wasiƙa. Na kai ta taga.

Ga abin da suka yanke, Sani ka karanta a hankali. An mayar da maganar rauni a bakin aiki. Za su biya asibiti, rabin albashin da suka riƙe za su sake shi. Ba a kira Audu ba, ba a ma ambaci sunansa ba, sai ka kwantar da hankalinka. An gyara ƙofar, an fasa ƙarama a jikinta wadda ko yaro zai iya turawa. Babbar kuwa direban motar ruwa ne zai riƙa buɗewa. Kai za ka zauna a kujera a inuwa, ka karɓi takardu, ka kira sunaye. Wata na farko safiya da lokacin tashi kawai za ka yi, tsakani ka shiga ɗaki ka miƙe ƙafa. Sharaɗi ɗaya suka sa: ka tsaya gaban likitansu kafin ƙarshen watan nan. Idan ba ka zo ba, a koma maganar farko ta soke sunanka.

Na aika maka da wannan albishir ta bakin Alhaji Bawa maƙwabcinmu, ina murna kamar wadda aka yi wa kyauta. Ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce ka ce, “Ba zan zauna a kujera da sanda ba, yaran da suka san ni a tsaye suna wucewa suna tausaya mini.”

Wannan ce amsar? Sau bakwai na tsaya cikin rana, Malam. Na ari Larabcin da ban iya ba na roƙi mutane da shi. Na share makaranta, na dafa shayi, na tsaya bayan ƙofa ina leƙen fuskokin iyaye ta kafa don kada a sake kuskure. Duk wannan, kai kuma kujera ce ta fi ƙarfinka? Malaman da ke ciki a kujera suke zama. Mudira a kujera take. Ustaz Hamza tun da na san shi ban taɓa ganinsa a tsaye ba, kuma ba wanda ya ce ba ya aiki.

Yaran ma ba tausayi suke ba. Tambaya suke. Ƙanana na aji ɗaya ba su daina cewa “Ina Ammu?” ba, wato Baffa, har na gaji da amsawa.

Na san abin da ke cin ka, ba sai ka faɗa ba. Shekara ashirin da shida muna tare. Kai ne ka ɗauki kayanmu duka a kai daga Fort Lamy har muka shiga Sudan. Ba ka saba a riƙe ka ba. Amma ka tuna shekarar da muka yi a gonakin auduga, da na haihu ɗan bai zo da rai ba, na yi wata uku ko tsintsiya ba na iya ɗagawa. Kai ka yi daka, kai ka ɗebo ruwa a gaban mata suna yi maka dariya. Da na ce ina jin kunya, ka ce, “Hajara, kunyar me tsakanina da ke?” Ban taɓa tuna maka ba sai yau. To ni ma ina tambayarka.

Na nemi izinin zuwa Jidda ranar Alhamis mai zuwa. Alhaji Bawa da matarsa za su rako ni. Ka ɗaure kayanka, ka sallami maɗorinka. Idan kuma ka tsaya a kan ba za ka dawo ba, ka faɗa mini ido da ido, ba ta bakin maƙwabci ba. In ka faɗa, zan koma in miƙa musu mabuɗin ɗaki, in kwaso tukwanena in zo in zauna duk inda ka zauna, don ban zo ƙasar nan da kowa ba sai kai. Amma ka sani faɗa za ka sha, safe da yamma, har Sani ya gaji ya kore mu.

Allah Ya haɗa ƙashin nan Ya daidaita shi, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Allah Ya saka wa waɗanda suka tsaya mana da alheri. Ya sassauta maka taurin kai, ni kuma Ya sassauta mini baki. Allah Ya kai mu Alhamis lafiya.

Ni ce matarka,
Hajara