Sirajo, Sa Takalminka

Kebbe,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sharifa da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Inna tana nan cikin takabarta. Ba zan ce tana gaishe ka ba, don ba ta san na rubuto ba.

Na koma ga takarda ne saboda ka daina ɗaga wayata. Atiku ɗan kabu-kabu zai sa maka ita a hannu, na kuma ce ya tsaya a kanka sai ya ga ka buɗe.

Yaya, ka dawo mana da kaset ɗin Baba. Na duba ƙasan akwatinsa inda yake ajiye shi, na tarar da ƙyallen da yake naɗe shi kawai. Ba wanda ya shiga ɗakin ranar da ka koma Tambuwal sai kai. Ka shigo gidan mutuwa, ka ɗauki abu ba sallama, ka sa a jaka kamar baƙo mai dogon hannu. Wallahi ban taɓa jin raina ya ɓaci da kai irin na ranar ba.

Na san abin da ya hasala ka. Ina bayan zana ina ji. Ka tashi daga tabarmar zaman makoki kana laluben takalmanka cikin na mutane, sai Malam Ladan tela ya ce, “Sirajo, sa takalminka, akwai ƙaya wurin ga.” Mutane suka kwashe da dariya. Kai kuma ka ta da jijiyar wuya, ka ce an mai da rasuwar mahaifinka wasan yara, ka ce tsohon banza ga mutumin da ya girmi Baba. Da ka juya ka dube shi, da ka ga gemunsa jiƙe da hawaye. Duk waɗanda suka yi dariyar nan kuka suke yi. Abokinsu suka rasa, kuma da abin da suka san shi suka tuna shi.

Ka sha faɗa cewa ba ka ga abin da mutane suka gani a fim ɗin Baba, Ƙarar Na'iya, ba. Yaya za ka gani, tunda ba ka taɓa zama ka kalle shi ba? Da an kunna sai ka bar gidan. To bari in ba ka labari, tunda kai kaɗai ne a ƙasar nan ba ka sani ba.

Baba ya fito a matsayin manomin da yake gaida sansa kullum da safe, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiya da iyali. San nan, Na'iya, bai taɓa amsawa ba. Sai Baba ya tsuguna gabansa yana jira. Ba kiɗa, ba waƙa, ba komai, sa yana tuƙa Baba yana jira, har mai kallo ya fara tsammanin kaset ne ya tsaya. Can sai ya ce, “Na'iya, da kai nika magana.” Da abin ya ishe shi ya kai ƙara. Malam Ladan ne alƙali, yana shari'a yana taka keken ɗinkinsa, don ya ce ba zai bar aikin mutane saboda wasa ba. Shi ma ya gaida san, bai samu amsa ba, ya ɗaure shi don raina kotu. Ƙarshenta Baba ne yake kai masa harawa gidan kaso yana ba shi haƙuri.

A tsakiyar wannan ne ka gitta bayan mai ɗaukar hoto ba takalmi, kana ɗan ƙarami. Baba ya manta fim ake yi, ya juya ya kira ka, ya ce ka sa takalminka. Uthman mai hoto bai san yadda ake yanke abu ba, sai ya bar shi haka. Shi ke nan laifin da aka yi maka.

Inna ba ta gani sosai yanzu, ka sani. Jinsa take yi. Tun da aka share makoki take tambayata in kunna mata, ni kuma ina ta kame-kame, yau in ce ba wuta, gobe in ce na'urar ta ƙi. Ƙaryata ta kusa ƙarewa.

Ka ba Atiku ya taho da shi. Ka gaida Sharifa, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Batula.

Kebbe,
Ranar Alhamis.

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ina fata kowa lafiya a wajenku. Mu nan sai godiya, in ban da jikin Inna.

Atiku ya dawo hannu biyu. Ya ce ka karanta, ka ninke, ka ce ya gaishe ni. Na gode da gaisuwa. Daga baya Sharifa ta kira ni a ɓoye, ta ce ka rantse ƙone shi za ka yi, wai ba ka son jikokin Baba su tashi su ga kakansu tsugune gaban dabba, wai kuma bai dace mai takaba ta zauna tana sauraron shirme ba.

Yaya, wa ya naɗa ka mai gadin mutuncin Baba? Yana da rai bai ji kunyar fim ɗin nan ba. Ya yi limancin masallacin unguwa in liman ba ya nan, an ba shi amanar marayu, an kira shi sasanta manoma da makiyaya, kuma duk waɗanda suka kira shi sun ga fim ɗin. Da yawa ma saboda shi suke sauraronsa. Mutum ya zo da fushi kamar zai ci babu, da ya ga fuskar Baba sai ya tuna Na'iya, bakinsa ya fara motsi, rabin faɗan ya tafi. Kai ne kake jin kunya, ka faɗi haka kawai, ka bar laƙaba wa mamaci.

Zancen takaba kuwa, na tambayi wanda ya fi mu sani. Ya ce an hana ta ado da fita, bai san inda aka hana mace jin muryar mijinta ba.

Kuma in ka ƙone shi me ka kashe? Fim ɗin da masu sayar da kaset na birni suka ƙi karɓa, suka ce ba rawa ba soyayya, wa zai saya, ga shi har yau bai mutu ba. Na waɗancan masu rawar, wa yake tuna sunansu? Wannan kuwa yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi sun haddace shi. A tasha in direba ya yi wa fasinja magana bai amsa ba, sai ka ji an ce da kai nika magana, mota duk ta ɗauka. Matan Sanyinna da suka zo gaisuwa sun ce a can in miji ya cika shiru Na'iya ake ce masa. Wasu samari sun taso daga Dogon Daji a kan babura, cikin wannan hanya tamu mai karya baya, don kawai su ga turken da aka ɗaure san. Na nuna musu, suka tsaya kamar masu ziyara, sannan ɗaya ya tsuguna ya gaida turken. Na yi dariya har na riƙe ciki, karo na farko tun rasuwar.

Na tambayi ɗayansu abin da suke so a ciki. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda aka yi wa banza da shi kullum, ya kuma dawo da safe da gaisuwarsa cikakkiya ba. Sai na tuna shekarun da Baba yake kiran wayarka ranar Juma'a, ka ɗauka ko kada ka ɗauka.

Saboda haka mutanen gari ba abin da za ka rage musu. Inna kaɗai za ka cuta. Waɗanda suke yawo a wayoyi guntaye ne, an ɗauko su daga fuskar talabijin, ƙarar janareta ta rufe rabi, an kuma ɗora musu kiɗa da dariyar ƙarya. Na karɓo wajen Siddiƙ mai tura finafinai na kunna mata. Ta saurara kaɗan ta ture hannuna, ta ce wannan ba Malam ba ne. Cikakken guda ɗaya ne a duniya, don na Uthman ruwa ya ci shi tun shekarar da ɗakinsa ya faɗi. Siddiƙ ya yi ta roƙon Baba ya ba shi ya juya, ya fitar da kwafi, Baba ya ce kaset ɗinsa ba ya kwana waje.

Na gaya wa Inna gaskiya. Ba ta zage ka ba, da ma ta zage ka da na ji sanyi. Ta ce a ƙyale ka, kai ne babba. Tun ranar ko kunu sai na yi da gaske take kurɓa. Tana zaune fuskarta wajen talabijin ɗin da ba komai cikinsa.

Ban ce ba ka sha wuya ba. Na san a makarantar kwana ba a kiranka da sunanka sai an haɗa da takalmi. Na san ranar ɗaurin aurenka wani ya faɗa, na san har a ofis ana yi maka. Abin da ciwo, na yarda. Amma ka je ka yi faɗa da masu tsokanarka mana. Tsohuwa makauniya me ta yi maka?

Ka ji ni da kyau, Yaya. Ban taɓa ɗaga maka murya ba tun muna yara. In ka sa wa kaset ɗin nan wuta, zan ci gaba da gaishe ka saboda Allah da darajar Inna, amma ƙafata ba za ta sake taka gidanka ba.

Allah ya huci zuciyarka, ya huci tawa.

Batula.

Kebbe,
Ranar Asabar.

Yayana Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya yara, ya Sharifa? Inna tana gaishe ka. Wannan karon ita ta ce in rubuta.

Saƙo ya iso. Atiku ya miƙo mini shi cikin leda, ba takarda, ba ko kalma ɗaya daga bakinka. Ban yi mamaki ba, na san wanda nake hulɗa da shi. Na gode. Amma kada ka ɗauka mun rabu lafiya, don akwai sabuwar magana.

Ka san dokar Baba. Ba a cire kaset sai an mai da shi farko, ko da wuta za ta ɗauke sai a jira ta dawo. Ni na kunna musu shi na ƙarshe, shi da Inna, kafin ciwonsa ya yi tsanani, ni kuma na mai da shi farko da hannuna na naɗe. Yau na zaunar da Inna, na sa shi, na danna, ina jiran in ga sunan fim a allon makarantar da Uthman ya rubuta da alli. Ba allo, ba gaisuwa. Sai fuskar Baba ta juyo, muryarsa ta cika ɗakin: “Sirajo, sa takalminka, akwai ƙaya wurin ga!”

Nan ka bar shi, Yaya. Kuma ba sau ɗaya ka tsaya wurin ba. Hoton ya yi layi-layi yana rawa a daidai nan, alhali da garau yake. Ka ja shi baya, ka sake, ka ja shi baya, har ka kusa cinye mana zaren. Mutumin da ya ce shirme ne! Na tsare Atiku, ka san cikinsa ba ya riƙe magana. Ya ce shi ka aika har Dogon Daji wajen wani mai gyaran rediyo ya ɗauko maka tsohuwar na'ura, ka kuma ce in ya faɗa ba kai ba shi. To ya faɗa.

Inna da ta ji, sai ta yi dariya, irin tata ta da, mai sa kafaɗa rawa. Sannan ta yi kuka mai yawa, na bar ta. Da ta natsu ta ce ita ta san dalilin kiran nan. Kwana kaɗan kafin a yi fim ɗin ƙaya ta soke ka, ƙafar ta kumbura, Baba ya goya ka har asibiti. Ta ce shi ya sa yana tsakiyar wasa idonsa na kanka. Bayan haka ta ce in ɗumama mata tuwo, ta kuwa ci.

Har yanzu ina fushi da kai, kada ka yi zaton ya wuce. Ka bar tsohuwa da yunwa, ka zagi Malam Ladan gaban jama'a, ka kuma lalata mana wuri mafi kyau a kaset. Na kira Siddiƙ zai zo nan gida ya juya shi kafin ya ƙarasa mutuwa, tunda dokar ba ta hana a zo masa ba.

Inna za ta fita takaba farkon watan gobe. Ta ce bayan addu'a a fito da talabijin ƙofar gida da la'asar, duk mai so ya zo ya kalla. Malam Ladan zai zo. Ka zo ka durƙusa ka ba shi haƙuri, sannan ka zauna ka kalli fim ɗin ubanka daga allo har gidan kaso, kamar kowa.

Ba zan yi maka alkawarin ba wanda zai faɗi maganar nan in ka tashi tafiya ba. In ma duk sun ji tsoronka sun yi shiru, ni zan faɗa. Baba ba ya nan, dole wani ya riƙa faɗa maka.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Batula.