Ƙauri a Kicin ɗin Umma

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu, musamman ƙaramin, sarkin ɓarna. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san shekara talatin da na yi a gareji cikin ƙarar injuna ta cinye mini kunne, a waya sai dai in yi ta "na'am, na'am" har ki gaji.

Dalilin rubutowa shi ne ina neman shawararki a kan tukunya. Ki gama dariyarki tukuna. Tukwanen Ummanku sun tsufa, gindinsu ya cinye, kwanan nan uku sun ƙone, ɗaya har mariƙinta ya narke. Jiya na shiga shagon kayan kicin, mai shagon ya jera mini su a kan tebur: ga ta silba, ga ta sanholo, ga wata mai baƙin shafe a ciki wai abinci ba ya kama ta, ga mai murfin gilas. Ni da nake gane ciwon mota daga jin ƙararta, sai ga ni tsaye kamar ɗalibin da bai yi karatun jarrabawa ba. Na ƙwanƙwasa wannan, na ɗaga waccan, na ce masa zan dawo.

Tunda ke ce shugabar kicin a otal ɗinku, ki faɗa mini wadda ta dace. Ina son wadda za ta ishi mutum biyu, a dafa shinkafa da miya da ruwan shayi, wadda kuma ko an ɗan manta da ita a wuta ba za ta yi saurin ƙonewa ba.

Abu ɗaya: in kin kira Ummanku kada ki tayar da maganar. Kin san ta da tukwanenta.

Allah Ya yi miki albarka.
Ni ne mahaifinki.

*

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Umma. Yara suna gaishe ku, sarkin ɓarna ya ce a tambaye ka ina motar katakon da ka yi masa alkawari.

Dariya kam na yi ta, har ma'aikatana suka leƙo ofis. Baba a shagon tukwane! To ga yadda za ka yi. Ka fara ɗaga ta ka ji nauyi. Ka danna gindinta da babban yatsa, in ya lotsa ka ajiye musu kayansu. Ka ɗora ta a kan tebur, in tana rawa ba za ta zauna a kan wuta daidai ba. Murfi ya zauna ɗas, ba ya gocewa. Mariƙi ka nemi na ƙarfe wanda aka kama da ƙusoshi, ba na roba mai noti ba, wannan kai ka fi ni sani. Mai baƙin shafen nan ka bar ta, in ta bushe a wuta sau ɗaya ta gama aiki, ga shi Umma ba za ta rabu da ludayinta na ƙarfe ba. Ka ɗauki ta silba mai kaurin gindi guda biyu, ƙarama da matsakaiciya. Kuma harshen wuta kada ya wuce gindin tukunya.

Amma Baba, tukunyar da za a manta da ita a wuta ba ta ƙone ba, ba a ƙera ta ba tukuna.

Nan ne dariyata ta tsaya. Tun tasowata ban taɓa jin ƙauri a kicin ɗin Umma ba. Matar da daga tsakar gida take jin tafasar miya ta ce mini in rage wuta, ita ce ta ƙona tukunya uku? Kuma tun yaushe ta yarda wani ya zaɓar mata tukunya, ita da ko soso ba ta aike a sayo mata? Ranar Lahadi da muka yi waya, sau uku ta tambaye ni ko yara sun koma makaranta. Na ɗauka layi ne ba kyau.

Don Allah Baba ka faɗa mini gaskiya. Me ke faruwa a gida?

'Yarka mai biyayya,
Auta.

*

Autata,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, na yi kwana huɗu ina yawo da ita a aljihu. Da ma na san ba za a yi miki wayo a kan abin da ya shafi kicin ba.

Wata takwas ke nan. Da farko gishiri ne, ta zuba sau biyu, wani lokaci sau uku. Haka na riƙa cinyewa. Sai wata safiya na dawo daga sayen burodi, tun daga ƙofar gida na ji ƙauri. Na tarar da kicin ya turnuƙe da hayaƙi, tukunyar madara ta bushe ta yi baƙi ƙirin, mariƙin yana ɗiga a kan murhu. Ita kuwa tana falo tana ninke kayan wanki hankali kwance. Da na nuna mata, ta dube ni ta ce, "Malam, me ya kai ka ɗora tukunya ka fita?" Na ce, "Ki yi haƙuri, mantuwa na yi." Tun ranar duk tukunyar da ta ƙone, ni ne na ƙona.

Na kai ta asibiti da sunan za a duba hawan jininta. Likita ya yi mata tambayoyi, wace rana ce yau, wane wata muke ciki. Ta yi ta dariya tana kallona in taimake ta. Bayan ta fita ya gaya mini ciwon mantuwa ne na tsufa, magani yana rage masa gudu amma ba ya mayar da abin da ya tafi.

Yanzu ni ke girki. Ina rufe gas daga tukunyarsa in ba ni a gida. In za a dafa abinci sai in ce mata ina son koyo, ta zauna a kujera tana ba ni umarni. Wata rana umarnin daidai ne tsaf, wata rana ta ce in zuba shinkafa alhali tana cikin tukunya tana tafasa. In na zuba mana a faranti sai in ce, "Hajiya, yau kin yi ƙoƙari." Ta ce, "Yau ka fara cin girkina?"

Na bi shawararki na sayo biyun, masu nauyi kamar kan injin. Sai dai ta ƙi su. Ta ce ba nata ba ne, na maƙwabta ne, a mayar musu. Kullum tana buɗe kabad tana neman ƙaramarta mai lotsattsen murfi, wadda na ɓoye a bayan gida tare da sauran ƙonannun. Shekaranjiya ta zauna a ƙasan kicin tana kuka wai an shigo an yi mata sata.

Maganar kunne da na yi miki gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. In waya ta yi ƙara tana gefena, ba zan iya faɗar wannan tana ji ba. Ban gaya wa yayanki ba. Na so ku riƙe ta yadda kuka san ta.

Ki yafe mini.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ka gafarce ni in harshena ya yi kaifi.

Wata takwas, Baba! Wata takwas ina kira ina ba ta labarin aiki da rigimar yara, ina jin haushi in ta maimaita tambaya. Har na taɓa ce mata, "Haba Umma, yanzu fa na faɗa miki." Da na sani ai da ban faɗa ba. Kwanakin da take cikin hayyacinta sosai, su ne ka ɓoye mana, su kuwa ba za su dawo ba.

Na karɓi hutu, ina tafe ranar Asabar. Maigidana ya yarda, za mu gyara ɗakin baƙi ku dawo wurinmu gaba ɗaya. Ba zan yarda ku biyu ku zauna da gas a gida ba. Kuma zan gaya wa Yaya.

Kafin in iso, ka fito mata da tukwanenta. Ka zuba ruwa da lemun tsami da gishiri, ka tafasa a wuta kaɗan, ka bar su su huce su jiƙu, sannan ka kankare da cokalin katako. Baƙin ba zai fita duka ba, amma za ta gane kayanta. Ka mayar da su inda suke zama, ƙarama a cikin babba. Sababbin ka riƙa girki da su, nata su zauna a idonta.

Kai ma kana cin abinci kuwa?

'Yarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti da yara? Na dawo jiya. Ka ce in rubuto maka komai kada in rage, tunda a waya kuka ya hana ni. To ga shi.

Na isa da azahar. Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bayan hannunsa na dama akwai tabon ƙuna babba, wai tururi ne, bai san ana buɗe murfi ta gefen da ba ya fuskantar mutum ba. Umma ta fito tsaf da ita, da kwalli da turare. Na rungume ta, ta bubbuga bayana, sannan ta ja da baya ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

Yaya, ban san lokacin da na ce "Daga nesa, Hajiya" ba. Ta kawo mini ruwa a kofin gilas ɗin nan na baƙi, wanda ta hana mu taɓawa muna yara.

Kwana shida na yi. Sau biyu ta kira ni da sunana, duka na ɗan lokaci. Sauran kwanakin ni baƙuwa ce mai kirki.

Amma ka ga kicin? Rana ta uku na shiga zan yi miya, ta biyo ni. Na ɗauko sabuwar tukunyar da Baba ya saya. Ta karɓe ta daga hannuna, ta ɗaga, ta juya, ta ɗalli gindinta da farce ta kasa kunne, ta ɗora murfi ta girgiza. Ta ce, "Wannan ta yi. Waye ya zaɓar miki?" Na ce babana. Ta ce, "Namiji? To ya yi sa'a." Baba yana bakin ƙofa, ya juya ya fita tsakar gida.

Ta tsaya a kaina har na gama. "Ki bari ta yi zafi kafin ki zuba mai. Rage wuta, ba gudu ake ba. Kada ki cika ta har baki, ki bar wa tafasa wuri." Kalma bayan kalma, yadda ta koya mini. Ni da ke ba mutum goma sha biyu umarni a wurin aiki, na yi ta cewa "To, Hajiya" ina share ido ina ɗora wa albasa laifi. Minti biyar bayan mun sauke ta tambaye ni ko mun ɗora abinci.

Maganar tashi kuwa mun yi ta da Baba har na ɗaga masa murya, Allah Ya yafe mini. Ya ce, "A gidan nan ta san inda ƙofa take, ta san inda cokali yake. In kika kai ta naki, me zai rage mata?" Na ce in wata rana ya manta bai rufe gas ba fa? Na sa an cire gas ɗin, na kafa musu murhun lantarki mai kashe kansa, na kuma roƙi matar maƙwabcinmu tela ta riƙa leƙowa. Na bar ɗakin baƙina a gyare. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ka zo, Yaya. Kada ka jira hutun ƙarshen shekara. Jiya kafin in taho ta ambace ka, ta ce ba ka son ƙanzo. Ka zo tun tana ambatonka.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Autata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa lafiya.

Bayan motarki ta tashi, Ummanku ta daɗe a ƙofar gida. Da muka shigo ta ce, "Malam, wace ce baƙuwar nan? Ta iya riƙe tukunya. Uwarta ta yi aiki a kanta."

Na kasa daurewa, na ce, "Hajiya, Autarki ce."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Kai ma dai. Auta da ko kan murhu ba ta kai ba?" Sai ta dubi agogo ta ce an kusa tashi daga makaranta, ta ɗauki kujera ta koma ƙofar gida.

Yau kwana uku ke nan, kullum ƙarfe biyu sai ta fita. Yanzu ma tana can. Maganar ɗakin baƙi ki ƙara mini lokaci. Zan rufe takardar nan in ɗauki tawa kujerar, ba na son ta jira ki ita kaɗai.

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifinki.