Shafukan da Babanki Ya Bari a Buɗe

Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Tilo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jikin naki, yaya nauyi? Ƙafar ta sace ko har yanzu tana kumbura? Ina fatan maigidanki yana lafiya, kuma yana taya ki aiki da hannu, ba da baki kawai ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Kin tambaya me ya sa nake ba direban motar safe takarda ya kawo miki alhali ga waya. Shekara talatin na yi ina buga wa mutane wasiƙu a tafireta a ofis, ban taɓa rubuta tawa ba, yanzu nake ramawa. Ban da haka, a waya katse ni kike yi.

Na ji likita ya ce saura sati biyar ki sauka, na kuma ji kin share mini ɗaki har da sabon labule. Allah ya yi miki albarka. Zan zo, kada ki sa komai a ranki, sai dai ba wannan satin ba. Famfon kicin yana ɗiga, ba na son in rufe gida ruwa yana zuba.

Maganar kwamfutar Babanki, Allah ya jiƙansa, da kika ce in taho miki da ita tunda taki ta lalace, ki bar wannan zancen tukuna. Ba za ta yi miki amfani ba, ta yi nauyi kamar ni. Shi ya jawo mata. Kin tuna burauza uku da ya sa mata, manhajojin nan na shiga intanet? Har suna ya raɗa musu: Zomo, Jaki da Kunkuru. Duk ranar Asabar da hantsi sai ya ɗauko agogon da yake auna gudun ɗalibai da shi lokacin yana koyarwa, ya buɗe shafi ɗaya a cikin kowace, ya danna, ya rubuta. Zomo sakan biyu, Jaki biyu da rabi, Kunkuru uku. Sai ya ƙwala mini kira daga kicin in zo in ga sakamako, kamar an ce mini ina da ɗa a cikinsu. Mutumin da yake cin rabin awa kafin ya zaɓi rigar da zai sa, shi ne mai ɓacin rai a kan rabin sakan.

Da ya gama naɗa Zomo sarautar gudu, sai ya ɗora masa kaya. Ya buɗe wannan shafi, bai gama karantawa ba ya buɗe wani, ba ya rufe ko ɗaya, har Zomon ya koma bayan Kunkuru. Na sha gaya masa mu a tafireta takarda ɗaya ake sawa, a gama, a zare, a sa wata. Ya ce ni tsohuwar sakatariya ce, ban san bincike ba, kowane shafi abu ne da zai dawo kansa. Haka muka yi ta yi har ƙarshe.

Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in kin zauna, ki kuma rage tsayuwa a wurin aiki, ba za su ba ki lambar yabo ba. Ki gaishe da maigidanki da kyau.

Mai yi miki addu'a kullum,
Ummanki

Ranar Juma'a

Tilo,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar jikinki da abin da ke cikinki. Allah ya sa kukan da kika yi a waya jiya bai tayar miki da ciwon kai ba.

Kin yi gaskiya. An gyara famfo tun kwana goma da suka wuce, kuma maganar mai fenti da na kawo miki daga baya ita ma ƙirƙira ce. Kin ce in ba na son zuwa in faɗa miki kai tsaye. Wallahi ina so. Bari in gaya miki abin da ya ɗaure ni, in kin ga dama ki yi mini dariya.

Ranar da Babanki ya rasu, bayan azahar ya tashi daga teburin falo ya ce zai ɗan kishingiɗa. Ya bar kwamfutar a kunne, tabaransa a gefenta. Tun daga ranar ba a kashe ta ba. Yau wata bakwai da kwana tara. Da kika zo kin gan ta a rufe da ƙyalle, kin ɗauka don ƙura ne. Tana kunne a ƙarƙashi.

Shafuka ɗari da sittin da uku ya bari a buɗe a cikin Zomo. Sau uku na ƙirga. Sun matsu a sama, sirara kamar haƙoran mataji, ko harafi ɗaya ba a gani a kansu. Na kira mai gyaran kwamfuta, dattijon nan mai shago a ƙarƙashin bene a bakin titinmu, ya zo ya duba. Ya ce Babanki a tagar sirri ya buɗe su duka, wadda ba ta ajiye tarihin inda mutum ya shiga. Na san dalili, a wani wuri ya karanta wai ta fi sauri. Mai gyara ya ce duk ranar da kwamfutar ta mutu, ko na minti ɗaya ne, shafukan sun tafi ke nan, babu mai dawo da su.

Batirinta minti ashirin da biyar yake riƙewa. In an ɗauke wuta sai in fita bayan gida in ja igiyar ƙaramin janareta. Don haka ba na zuwa inda ya wuce tafiyar minti goma. Wancan watan na je asibitin unguwa a kan gwiwata, saura mutum biyu a kira ni, sai na ga fankar sama ta fara lafawa. Na bar katina a kan benci na fito. Tilo, da gwiwar nan na yi gudu a titi, mayafina yana jan ƙasa, masu shaguna suna kallona. Na tarar saura kashi huɗu cikin ɗari. Sau shida na ja igiyar kafin janaretan ya tashi. Ban koma asibitin ba.

Kada ki ce in bar wa maƙwabciya mabuɗi. Kowace safiya wani ɗan akwati yana fitowa a fuskar kwamfutar, wai tana so ta sabunta kanta ta sake tashi. Zaɓi biyu ne, Yanzu ko Anjima. Ni nake danna Anjima. Mai gyara ya ce in aka ƙyale ta ba amsa, wata rana za ta yanke hukunci da kanta. Maƙwabciyata kuwa ko gilashinta ba ta san inda take ajiyewa ba.

Mai gyaran, bawan Allah, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce zai kwafe mini adireshin kowane shafi a jeri, in buɗe duk lokacin da nake so. Na ce a'a. Yawancin shafukan barci suke yi, in ka taɓa ɗaya sai ya farka ya zama na yau. Na gwada sau ɗaya da shafin labarai, ina son in ga abin da idonsa ya gani a ranar. Ya juya, ya juya, ya kawo mini labaran safiyar da nake zaune. Da hannuna na goge abin da ya gani. Tun daga nan ba na dannawa. Kibiyar nan ta nuni a fuskar kwamfutar kawai nake ɗorawa a kai, sunan shafin ya fito, in karanta. Ɗaya ko biyu a rana, daga hagu nake tahowa. Yadda ake canza robar famfo. Maganin tururuwa a kicin. Motsa jiki don ciwon gwiwa, wannan nawa ne, bai taɓa nuna mini ba.

Ba wata wasiyya nake nema a ciki ba. Abin dai shi ne, muddin tana kunne, gani nake ya tashi ne ya ɗan kishingiɗa. Na san ba hankali ba ne. Ni da nake yi masa faɗa, yau ni ce mai gadin shafukansa, ba albashi ba hutu. Na gaji, Tilo. Gidan nan ya ƙanƙance, ya koma daga tebur zuwa janareta. Garinku tafiyar awa tara ce, na yi lissafin ta kowace fuska bai fita ba.

Ki ba ni sati ɗaya in tattaro zuciyata. Ai da sauran sati uku. Kada ki gaya wa maigidanki, kunya nake ji.

Ki huta lafiya,
Ummanki

Ranar Alhamis

'Yata,

Barka da sauka, barka da arziki. Sannu, sannu da jiki. Yaya ɗinkin, kina iya juyawa? Yaron yana kama nono? Allah ya raya shi, ya ba ki lafiya.

Maigidanki ya kira ni jiya da rana. Ya ce naƙuda ta zo miki tun ranar Talata, kwana goma sha biyu kafin lokaci, kika daɗe kina wahala har sai da aka yi miki aiki. Ya ce ke kika hana a kira ni, kin ce ba zan zo ba, kada a ɗaga mini hankali a banza. Ya kuma ce da ana tura ki a kan gado zuwa ɗakin tiyata, Umma kike ta kira. Bai faɗa da zargi ba, cikin ladabi ya faɗa, ni kuwa da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi ƙarfe nawa ne. Ya ce wajen sha ɗaya na safe. A wannan lokacin ina bayan gida ina zuba wa janareta mai.

Satin da na roƙa ya wuce, na ƙara kwana biyar a kai ban ce miki komai ba. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Da na ajiye wayar sai na zauna a kujerarsa. Na ce tunda abin ya kai haka, bari in ga ƙarshen layin, shafukan dama, waɗanda ya buɗe a safiyar ranar. Su nake ta gudu duk watannin nan. Na ɗora kibiya a kan na huɗu daga ƙarshe: ciwon ƙirji mai sauka hannun hagu. Na gaba: zufa da tashin zuciya, yaushe za a je asibiti. Na gaba: asibitin zuciya mafi kusa. Na ƙarshe kuma, Tilo, sabon gwajin da aka yi na wace burauza ta fi sauri a bana.

Ya ji ciwon. Ya bincika, ya samu amsa, har ya nemo asibiti. Sai ya bar su a buɗe ya ce zai dawo kansu, ya tafi kallon tseren Zomo. Ina kicin, taku shida tsakaninmu, bai ce mini uffan ba. Ban taɓa jin haushin mutum kamar jiya ba. Na yi masa faɗa da ƙarfi ni kaɗai a falo, na kira shi da sunayen da ban taɓa kiransa da su ba yana raye. Ina cikin faɗan sai na ga abin da ya yi wa ƙirjinsa shi na yi miki. Na san kina can, na san lokaci yana tafiya, kowace safiya ina ce miki anjima.

Na kai kibiyar kusurwar da ake rufewa na danna. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata ina son rufe shafuka ɗari da sittin da uku. Na ce e. Kafin in ɗauke yatsana sun tafi. Na kashe ta, na naɗe wayar cajin, na sa ta a jaka.

Ba zan ce miki na ji sauƙi ba. Jiya ne Babanki ya rasu a wurina, kuma ni kaɗai na yi zaman makokin. Amma yau da safe aka ɗauke wuta ina haɗa kaya, na ci gaba da ninke zanina.

Wannan takarda za ta bi motar gobe, ni kuma ta jibi, don ina so ki karanta kafin ki ga fuskata. Ba na roƙon ki yafe mini yanzu, kina da ciwo a jiki, ki ji da shi tukuna. In na iso kika ga ba za ki iya yi mini magana ba, kada ki tilasta wa kanki. Ki miƙo mini yaron kawai, ki juya ki yi barci, ina nan zaune har ki tashi.

Taki, mai kunyar haɗa ido da ke,
Ummanki