Ni na buɗe ƙofar birnin Ya Modu

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta zuwa ƙarshe, don na riga na zagi kaina.

A Nguru nake, ina tsaron rumfar bandar kifi ta maigidana, zan kira shi Ya Modu. Akwai wasan sarauta na zamanin dawaki da takubba da muke yi a waya, kowa da garinsa, duka a ƙarƙashin birni ɗaya. Ya Modu ne sarki, ni hakimi, Habu da ke kawo mana kifi daga Gashua shi ne waziri. Kullum gardamarmu ɗaya. Ya Modu ya ce wasan akwai wuya, maƙiya sun yi yawa a waje. Ni da Habu mu ce ina wuyar, tunda a cikin gida ba mai cin amanar wani? Rannan Ya Modu ya yi dariya ya ce, “Ku yara ne. Masarautata ko sauro ba ya shiga.” Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ari wayar Inna na buɗe wani suna, na yi ta zuga hakimai a ɓoye, ranar da maƙiya suka zo na buɗe musu ƙofa. Niyyata in sun ɗan taɓa mu in fito in ce, “To Ya Modu, ga sauro.” Ina na san za su share birnin gaba ɗaya? Abin da Ya Modu ya fi shekara yana ginawa, kafin la'asar ya zama toka. Mutum mai 'ya'ya huɗu, na ga idonsa ya yi ja, dariyar da na tanada ta maƙale.

Zargi ya faɗa kan Habu, don shi ne waziri kuma ya fi ni baki a gardama. Ya Modu ya ce masa, “Wanda ya ci amanata a wasa zai ci a kasuwa.” Ya daina karɓar kifinsa. Ina tsaye aka mayar da kwalayen Habu mota, ni na kama masa ma. Ya dube ni ya ce, “Kai ma ka yarda ni ne?” Na ce, “Allah ya bayyana gaskiya.” Ku ji fa! Wane irin mutum ne ni?

Yanzu Habu ya aiko cewa ranar kasuwa zai zo da alwalarsa, kowa a cikinmu ya dafa Alƙur'ani. Ya Modu ya yarda. Ya kuma naɗa ni waziri a sabon birnin da ya fara ginawa, wai ni kaɗai ya amince da shi, har ya ce ni zan ɗauko Alƙur'anin daga gida.

In na rantse na halaka kaina saboda wasan waya. In na faɗa, hukuncin da ya yi wa Habu shi zai yi mini, kuma da rumfar nan nake ciyar da Inna. In na gudu, gudun ma amsa ce. Tsoro nake ji, kunya ta hana ni ko amsa kiran Habu.

Kasuwa jibi ce. Me zan yi?